Wai da gaske mai na ƙare wa jirgi a sama?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne na fara koyon tuƙin ƙaramin jirgi, kullum sai malamina ya sa na hau na buɗe tanki na leƙa alhali ga geji nan a gabana. Wai da gaske mai na ƙarewa a sama ko dai tsoratar da mu ake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi yana ƙarewa, kuma abin da ke min ciwo shi ne yana cikin haɗurran da suka fi sauƙin kaucewa. Ka riƙe malamin nan naka da kyau. Gejin ƙananan jirage, musamman tsofaffi, ba abin jingina rai ba ne, ka zura sandar awo ka gani da idonka, ka tatsi kaɗan daga ƙasan tanki ka duba ko da ruwa, man ƙananan jirage da ake kira 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa kwanciya yake a ƙasa.

Toh babban abin shi ne a jirgi da awa ake lissafin mai, ba da nisan tafiya ba. Ɗauki ƙaramin jirgi irin tsohuwar Cessna 172 mai galan 40 da inji zai iya sha, tana cin wajen galan 8 a awa, kaga awa 5 kenan. Tafiyar kilomita 800 a gudun kilomita 200 a awa, awa 4 ce, sai ka ce ai akwai rarar awa guda, amma da iska ta taso ta gabanka da gudun 40 sai gudunka ya koma 160, tafiyar ta zama awa 5 cif, tanki ya bushe kana hango filin sauka, kuma fa ba mu sa man da ka ƙona wajen ɗumama inji da hawa sama ba, balle in ka manta rage wa inji mai bayan ka daidaita a sama, wanda nan ma shan ƙaruwa yake.

Dokar Amurka ta ce mai tuƙi da ganin ido ya tashi da rarar man minti 30 da rana, 45 da dare. Ni dai a ganina wannan ya yi kaɗan, ka maida awa guda taka dokar.

Akwai kuma wanda inji ke mutu masa alhali da mai a jirgin. Misali Piper Cherokee, wani ƙaramin jirgin, ba ta shan tanki biyu lokaci guda, sai ka riƙa juyawa hagu da dama, in ka shagala ɗaya ya ƙare ɗayan na cike. Ka sa agogo ya riƙa tuna maka. A kula da lita da galan ma, a 1983 wani Boeing 767 na Air Canada mai ya ƙare masa saboda an rikita fam da kilo, sai a Gimli da ke ƙasar Kanada aka saukar da shi ba inji.

In lissafi ya fara ƙin fita kana sama, don Allah kar ka ce bari na lallaɓa na ƙarasa, nan ne mutane ke halaka, saboda sauri ko jin nauyin fasinja. Sauka filin da ya fi kusa ka sha mai. In kuwa abin ya matse ka faɗa wa masu kula da zirga-zirgar jirage a rediyo kai tsaye, ka kira Mayday, wato kiran neman agajin gaggawa, za su ba ka hanya kafin kowa.