Tambaya da Amsa: Tattaro makin ɗalibai daga fom guda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, ina kuma ɗan taɓa rubuta manhaja da PHP. Na haɗa shafin shigar da makin jarrabawa, kowane ɗalibi da gurbinsa. Sunan gurbin maki_ ne sai lambar ɗalibi, kamar maki_17 da maki_204. Yawan yara ya bambanta daga aji zuwa aji, don haka rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba. Yaya zan ɗebo duk waɗanda suka fara da maki_ bayan an tura fom? Na biyu, a manyan azuzuwa makin yaran da ke ƙasan jeri ba ya shiga, kuma babu saƙon kuskure. Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, amin. Ta farkon ba ta da wuya. Duk abin da fom ya turo yana cikin $_POST, suna da abin da aka rubuta a ciki. Ka bi su da foreach, ka gwada kowane suna da str_starts_with($suna, 'maki_'), wanda ya dace ka yanke haruffa biyar na farko da substr, abin da ya rage shi ne lambar ɗalibi. Sai dai str_starts_with bai zo ba sai a PHP 8.0, a ƙarshen 2020. In sabar da makarantarku ke haya tana kan tsohon zubi, sai ka koma strpos($suna, 'maki_') === 0. Ka kula da alamar daidai guda uku ɗin nan. Idan strpos bai samu komai ba false yake dawo da shi, kuma da alama biyu PHP zai ɗauki false da sifili abu ɗaya ne, sai gurbin da babu maki_ a sunansa ma ya wuce.

Amma da ni ne, ba zan bi nan ba. PHP yana da hanyar da ta fi tsabta: sa wa gurbin suna maki[17], maki[204]. Da fom ya iso, za ka tarar $_POST['maki'] jeri ne a shirye, lambar ɗalibi ce mabuɗi. Babu yanka, babu gwaji. Kuma ka tsira daga ranar da za ka ƙara gurbi mai suna maki_jimla, manhajar ta shiga neman ɗalibi mai lamba "jimla".

Ga abin da ya fi damuna a tsarin naka. Kana barin fom ya faɗa maka su wane ne ɗalibai. Fom kuwa a hannun mai burauza yake. Duk wanda ya san danna F12, maɓallin da ke buɗe kayan duba da gyara shafi a burauza, zai iya mai da maki_17 ya koma maki_900, ya tura, manhajarka ta rubuta wa yaron wani aji maki 98 ba tare da ta tambaya ba. Ba ƙananan shafuka kaɗai wannan ke kamawa ba. A watan Maris na 2012 wani mai rubuta manhaja, Egor Homakov, ya cusa gurbin da babu shi a wani fom na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya samu ikon rubutu a ma'ajiyar Rails, wani sanannen tsarin gina shafukan intanet, don kawai ya nuna ɓarakar.

Kai malami ne, ka san ba a shiga aji a ce duk wanda ya zo ya faɗi sunansa. Rajista ake buɗewa a kira suna. To haka za ka yi. Fara ɗauko jerin ɗaliban ajin daga rumbun bayanai, bayan ka tabbatar malamin da ya shiga shi ke da wannan aji da wannan darasi. Sannan ka bi jerin, kana neman makin kowane yaro a cikin abin da aka turo. Lambar da ba ta cikin rajista ka watsar. Makin da ba lamba ba ne, ko ya haura 100, ka ƙi karɓa. Yaron da gurbinsa bai zo ba kuma ka nuna wa malami sunansa, kada ka sa masa sifili. Wanda bai zauna jarrabawa ba daban, wanda ya ci sifili daban, iyaye kuma sun san bambancin. In kana da akwatin dannawa na "ya halarta", ka tuna burauza ba ta turo wanda ba a danna ba sam.

Tambayarka ta biyu, ina kyautata zaton max_input_vars ne. Tun PHP 5.3.9, a farkon 2012, aka ƙayyade yawan gurabun da za a karɓa a turawa ɗaya zuwa 1000, don toshe wani hari da ake kai wa sabar ta hanyar cika ta da dubban sunaye. Abin da ya haura sai a zubar, gargaɗin kuma galibi a fayil ɗin kurakurai yake tsayawa, mai shafi bai gani ba. Yi lissafi: yara 120, darussa 9 a shafi guda, gurabu 1080 ke nan. Tamanin na ƙarshe sun tafi. In kana raba makin gwaji da na jarrabawa, adadin ya ninka. Sa suna da maki[17] ba zai fitar da kai ba, domin kowane gurbi ƙidaya shi ake yi.

Ana iya ɗaga iyakar a php.ini ko .user.ini, amma ini_set a cikin shafin ba zai yi aiki ba, don kafin layinka na farko ya gudana an riga an zubar da gurabun da suka haura. Ni dai shawarata ka raba shafin, darasi ɗaya aji ɗaya. Ya fi saurin buɗewa a waya, kuma in intanet ta yanke, aikin darasi ɗaya malami zai sake.