Amsa ga mai tambaya kan allurar rigakafin mura da ciwon POTS

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce likita ya tabbatar miki kina da POTS, wato ciwon da ke sa zuciya bugawa da sauri tare da jiri in mutum ya miƙe tsaye, kuma za ki tafi Umra, an ba ki shawarar ki yi allurar mura, amma kina tsoron ta tayar miki da jiri da bugun zuciya. Ni ba likita ba ce, amma shekara shida ke nan ina fama da wannan ciwo a nan Ingila, kuma sau biyar na yi allurar, don haka bari in gaya miki yadda ta kaya da ni.

Da farko, mu Hausawa komai mura muke ce masa, shi ya sa muke raina ta. Wadda ake wa rigakafin ba murar atishawa da majina ba ce, ita ce infuluwenza, mai kayar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Mu masu POTS kuwa jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya da gudun jini ba tare da saninmu ba, su ne suka samu tangarɗa. Kin san ma'aunin: mutum ya miƙe tsaye, cikin minti 10 bugun zuciyarsa na minti ɗaya ya ƙaru da 30 ko fiye. To zazzaɓi da kansa yana ƙara gudun zuciya, ga gumi yana ƙarar da ruwan jiki, ga ba ki iya ci ko sha. Shekarar da na ƙi yin allurar, don irin tsoron da kike yi, ita ce shekarar da infuluwenzar ta kama ni. Zazzaɓin ya sauka cikin mako guda, amma sai da na yi kusan wata biyu ina sallah a zaune, wanka ma a kan kujera. Daga gado zuwa bayi zuciyata na kai 140. Na kuma ƙara wa kaina wahala da wani maganin toshewar hanci da na saya a kemis, ashe akwai sinadarin sudo'efedirin a ciki, wanda ke zaburar da zuciya. Ki kiyaye shi.

Allurar fa, ba zan ce miki ba ta taɓa ni ba. Tana taɓa ni. Damtse ya yi tsami, jiki ya yi ɗumi, jirin ya ɗan ƙaru kwana ɗaya ko biyu. Sau ɗaya ya kai kwana huɗu. Na kuma san masu irin ciwonmu da suka ce sun fi haka jigata, ba zan ƙaryata su ba. Amma wadda ake yi a damtse babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, ba za ta sa miki murar ba. Abin da kike ji garkuwar jiki ce take aiki. Ta feshin hanci ce ke da ƙwaya mai rai da aka raunana, ita kuma a nan yara aka fi yi wa.

Karon farko na yi wauta. Na je da safe ban karya ba, na tsaya a layi, ana zare allurar na miƙe, sai farkawa na yi na ga ƙafafuna a kan kujera, mai allurar tana yi mini fifita da takarda. Laifina ne, ba na ruwan allurar ba. Yanzu tun jajibiri nake cika cikina da ruwa, in haɗa da ruwan gishiri da sukari, in sa safata mai matse ƙafa, in ci abinci. Ina shiga nake faɗa musu ina suma, a yi mini a kwance. In an gama ba na tashi sai bayan minti 15 zuwa 20, kuma in zauna tukuna kafin in miƙe. Maigidana ne ke tuƙo ni gida. Ranar Juma'a nake zaɓa don in samu Asabar da Lahadi in kwanta, ga farasitamol a kusa. Maganar gishiri dai, in kina da hawan jini ko ciwon ƙoda kada ki kwaikwaye ni.

Abubuwa biyu ki faɗa wa likitanki kafin komai: ko wata allurar rigakafi ta taɓa sa miki kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, da kuma ko kin taɓa yin ciwon shanyewar jijiyoyi da ake kira Giyan-Bare. Yana da wuyar faruwa ƙwarai, wajen mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan da aka yi wa allurar, amma wanda ya taɓa yin sa hukuncinsa daban ne.

Tunda tafiya ce a gabanki, kada ki bari sai ana gobe tashi. Allurar na ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara kare ki, kuma ba kya son kwanakin kasalar su riske ki a jirgi. Ki tuna cunkoson ɗawafi da tarin da kowa ke dawowa da shi. Allurar ba ta kare mutum ɗari bisa ɗari, don haka in zazzaɓi ya rufe ki a can, ki nemi asibiti da wuri, domin maganin infuluwenza da ake kira Tamiflu ya fi aiki cikin awa 48 na farko. Ki kuma nemi keken turawa don sa'ayi, ba abin kunya ba ne. Allah Ya kai ki lafiya, ki sa mu a addu'a.