Zana Gizagizai a Allon Bayan Ƙaramin Layin Dogo

Tambaya: Na haɗa ƙaramin layin dogo na kwaikwayo mai ma'aunin HO (wato ma'aunin da ake bi wajen rage girman jirgi da layinsa), na shafa wa allon bayansa shuɗin fenti, amma gizagizan da na zana sun fito kamar audugar da aka manna. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, a ganina kuskuren ya fara ne tun daga shuɗin. Launin sama ba ɗaya ba ne: shuɗinta ya fi kauri a bisa kai, yana kuma kwaranyewa har ya kusa komawa fari a inda ta haɗu da ƙasa, domin a can ido yana ratsa iska mai yawa da ƙura da tururi. Saboda haka ka shafa shuɗi a saman allon, fari a ƙasansa, ka gauraya su a tsakiya da faffaɗan burushi tun fentin bai bushe ba. Ka zaɓi fentin ruwa marar ƙyalli, domin mai ƙyalli yana maido da hasken fitila, ya tona asirin cewa bango ne.

Su kuwa gizagizan, abin da ke ba su rai shi ne nisa. A ma'aunin HO an rage komai sau 87, kuma allon da bai wuce kamu biyu daga jirgin ba ana so ya nuna tazarar kilomitoci. Don haka gajimaren da ke can sama ya zama babba, gefensa a bayyane, amma waɗanda ke gangarowa ƙasa su riƙa ƙanƙancewa, suna miƙewa a kwance, suna matsowa kusa da juna har su narke cikin farin. Gajimaren da ke tashi curi-curi gindinsa a shimfiɗe yake, launinsa ruwan toka, kansa ne kawai ke da haske. Kuma wajibi ne hasken ya faɗo wa dukkansu daga ɓangare guda. Ni na fi son soso ko burushin da aka goge kusan duk fentinsa, ina dangwalawa kaɗan-kaɗan, domin ƙara fari ya fi cire shi sauƙi.

Ka fara gwadawa a kan kwali, a ƙarƙashin fitilar da za ta haska layin, ka jira ya bushe kafin ka yanke hukunci, domin fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu bayan ya bushe.