Ɗana ya ƙi tuwo, 'yata ta daina karin kumallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara 4, ba ya cin komai sai Indomie da shayi da burodi. In aka sa masa tuwo sai ya kau da kai, in na matsa masa ya hau kakarin amai. Kakarsa ta ce in riƙa yi masa ɗura, maƙwabciyata kuma ta ce in sayo masa maganin ƙara cin abinci a kemis. Yayarsa mai shekara 14 ita ma ta daina karin kumallo, sai taunar ƙanƙara da farar ƙasa. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya miki su. Ki fara kwantar da hankalinki game da yaron. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yara da yawa suna ƙyamar duk abincin da ba su saba da shi ba. Girmansu ma ya rage gudu: jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko, amma daga baya abin da yake ƙarawa bai wuce kilo 2 ko makamancin haka a shekara ba, don haka yunwarsa ba kamar ta da ba ce.

Maganar ɗura kuwa, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. Yaron da aka danne aka toshe masa hanci yana kuka, kunu na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari ko ma ya shaƙe shi. Ko ya tsira daga wannan, zai taso yana ganin kwano gabansa na faɗuwa. Shi ma maganin kemis ban yarda ba. Da yawansu na ɗauke da sinadarin cyproheptadine, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana sa barci da kasala, kuma sai likita ya rubuta.

Ki duba abin da ke shiga bakinsa tsakanin abinci da abinci. Yaron da ya sha lemon kwalba da biskit ƙarfe sha ɗaya, ina zai sa dambu da azahar? Ki tsayar masa da lokaci: abinci sau uku, ɗan marmari sau biyu, tsakani kuma ruwa kawai. Ki zuba masa kaɗan, kamar loma uku, ku zauna tare da sauran yara a tabarma ɗaya. In ya ƙi, bayan kamar minti ashirin ki ɗauke ba faɗa ba lallashi, kuma kada ki tashi ki dafa masa Indomie. Jibi ki sake kawo masa. Wani abincin sai an gabatar wa yaro sau goma ko fiye kafin ya karɓa.

Kafin nan, ki gina abin da yake so. In za ki dafa Indomien, ki fasa ƙwai, ki yanka alayyafo da karas ƙanana, ki rage garin ɗanɗanon da ke ciki saboda gishiri. A maimakon shayi, ki soya gero da waken soya da gyaɗa, ki kai a niƙa, ki riƙa dama masa kunu mai kauri. Shi shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ayon da ke gina jini idan aka sha shi tare da abinci. Ki kuma kai shi asibitin sha-ka-tafi a auna nauyinsa da damtsensa. In tef ɗin awon damtsen ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa sun kumbura, wannan tamowa ce, magani take buƙata nan take. A can za ki tambayi bitamin A da maganin tsutsar ciki da ake bai wa 'yan ƙasa da shekara 5.

Gaskiya yarinyar ce ta fi tsaya mini a rai. Sha'awar ƙanƙara da farar ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma budurwar da ta fara al'ada tana rasa jini duk wata. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki gani, ki duba tafin hannunta. In sun yi fari, ko tana yawan jiri da haki, kada ki jira. A kai ta a gwada jininta cikin makon nan. A gida ki ba ta hanta, wake, kifi da kwaɗon zogale, ta bi da lemon zaƙi ko gwaiba, don bitamin C na taimaka wa jiki ya karɓi ayon ɗin ganye.

Sannan ki keɓe da ita a ɗaki, ba gaban ƙannenta ba, ki tambaye ta a hankali dalilin barin karin kumallo. Wata makara ce kawai, sai a ƙunsa mata ƙosai ko dafaffen ƙwai ta tafi da shi makaranta. Wata kuwa ƙawaye ne suka ce mata ta yi ƙiba. In kin ga tana ramewa, tana ɓoye abinci, tana amai bayan ta ci, ko al'adarta ta ɗauke, ki faɗa wa likita duka wannan a ranar gwajin jinin.