Tambaya da Amsa: Me ya haɗa gas da buhun yuriya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Jiratawa. Duk sanda na koka da tsadar yuriya a kasuwar Maradi, sai mai shago ya ce gas ne ya yi tsada a duniya. Ina ruwan gas da taki? Ko dai wayon ƴan kasuwa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, ko da yake kuɗin mota da na kan iyaka su ma suna ciki. Fararen ƙwayoyin nan da kake ba masara, da iska da gas aka yi su.

Abin da shuka ke nema a yuriya shi ne naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma gero da masara ba su iya cin sa haka. Sai an haɗa shi da wata iska mai suna haidirojin ya zama amoniya, sinadarin da ake yin yuriya da shi. Haidirojin ɗin kuwa daga gas ake ciro shi, ba na tukunyar girki ba, wanda ke fitowa daga rijiya a ƙarƙashin ƙasa.

A masana'anta, ana gauraya gas da tururin ruwa a zafin da ya kai digiri 800, har haidirojin ya rabu. Sai a tura shi tare da naitirojin cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a matse su ninki 150 ko fiye na nauyin iskar da muke ciki, a zafin digiri 400 zuwa 500. Duk da haka kaɗan ne ke haɗuwa a zagaye guda, sai an yi ta mayar da sauran. Ka ga gas shi ne kayan haɗi, shi ne kuma makamashi. Shi ya sa a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinsa, masana'antun Turai da dama suka rage aiki, mu a nan muka ji a jikinmu.

Bajamushe Fritz Haber ne ya gano wannan hanya ta yin amoniya a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a 1913. Kusa da mu, masana'antar Dangote a Legas, da aka buɗe a 2022, an gina ta don tan miliyan 3 na yuriya a shekara.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin ana watsa takin a bisa ƙasa a tafi. A buhu mai kilo 50, kilo 23 ne naitirojin, kuma idan ya kwana a fili cikin zafin nan namu, wani kaso yana komawa amoniya ya bi iska. Don Allah Malam, ka jira ƙasa ta yi laima, ka tona ɗan rami tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka, ka zuba ka rufe. Ka raba shi kashi biyu maimakon zubawa gaba ɗaya. Ragowar kuma a ɗaure bakin buhun sosai, a ɗora bisa katako, don yuriya tana jan danshi ta dunƙule.