Grateful Dead: da me ake auna wasan da ya fi wani?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Kwanan nan na fara jin Grateful Dead, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka, sai na tarar waƙa ɗaya an ɗauke ta a wasanni barkatai, wata minti 8 wata ta haura 30, kuma kowa cewa yake wasan da suka yi a Jami'ar Cornell a 1977 shi ne ƙarshen magana. Wai da me ake aunawa ne, ko wadda ta fi tsawo ita ta fi?

Amsa: Ɗan'uwa ka shigo rigimar da ta girme ka. Mutanen nan daga 1965 zuwa rasuwar babban mai jitarsu Jerry Garcia a 1995 sun yi wasa kusan 2,300, kuma ba sa maimaita waƙa yadda suka yi ta jiya, kamar dai Shata ne, baitin da ya zo bakinsa a Funtuwa ba lallai shi zai zo a Kano ba. To tsawo kam cire shi daga lissafi. Waƙarsu Dark Star da suka fara fitarwa a faifai ba ta kai minti 3 ba, ta ranar 27 ga Fabrairu 1969 a zauren Fillmore West na San Francisco minti 23 ce, ta Veneta a jihar Oregon ranar 27 ga Agusta 1972 ta haura 30, kuma har gobe akwai masu rantsuwa da ta 1969 ɗin don ba ta da kitse, duk tsoka ce. Akwai waƙar Playing in the Band ta Seattle a watan Mayu 1974 mai minti 46, ni dai gaskiya ina jinta ne idan ina da wanki.

Abu na farko da nake cewa mutane, kar ka haɗa zamanin da ba ɗaya ba. A 1972 mai ganga ɗaya ne, Bill Kreutzmann, saboda Mickey Hart ya ja gefe tun 1971, shi ya sa kiɗan yake da sauƙin juyawa, sai su karkata wani wajen cikin ƙiftawar ido kamar masu jazz. A 1977 masu ganga biyu ne, kiɗan ya yi nauyi ya zauna daram amma ba ya lanƙwasa kamar da. Zamanin mai kiɗa kibod Brent Mydland kuma, 1979 zuwa 1990, sautin ya canza gaba ɗaya. Ka gwada ta 72 da ta 72, ta 77 da ta 77, sannan ka yi magana.

Sai inda ainihin aikin yake, wato ko suna jin juna. Ka bar bin jitar Garcia kaɗai, kowa ita yake bi. Ka sa kunne ga Phil Lesh mai bas, in Garcia ya jefa wani zance da jita shin Lesh ya amsa ko kowa sabgarsa yake, in ka ji su shida suna ta surutu ba mai sauraren wani to wannan daren bai yi ba ko da kuwa minti 40 suka kwashe. Sannan gaɓar da suke tsallakawa daga waƙa zuwa waƙa ba tare da sun tsaya ba, nan ake gane gwaninta. A Cornell ɗin da ka ambata, 8 ga Mayu 1977 a Barton Hall, yadda Scarlet Begonias ta narke ta koma Fire on the Mountain ba za ka iya nuna daƙiƙar da ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba, alhali Fire ɗin ba ta cika wata biyu da fara yinta a gaban jama'a ba.

Amma fa in faɗa maka, rabin sunan Cornell na kaset ne. Betty Cantor-Jackson ce ta ɗauki sautin kai tsaye daga miksa, wato na'urar haɗa sauti, ya fito tas, da kaset-kaset ɗinta suka fita hannun jama'a bayan wani gwanjo a 1986 sai kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wasan da kowa ke da shi mai kyau dole shi za a fi yabo. Har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin ajiyar tarihi a 2012. Wasa ne mai kyau wallahi, ban musa ba, sai dai ka je shafin Internet Archive ka ji na Boston ranar 7 da na Buffalo ranar 9 ga watan, kwana uku a jere kenan. Ni na Buffalo nake komawa, musamman buɗewarsa.

In za ka gwada biyu ka tabbata ɗaukarsu iri ɗaya ce, ko duka daga miksa ko duka daga cikin taro, don ihun jama'a kaɗai yana iya sa ka ƙara wa waƙa maki biyu. Ka fara da waɗannan dararen uku, waƙa ɗaya tak ka bi a rana.