Amsa kan yadda maganaɗisu yake haifar da wutar lantarki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani ƙanenmu ya yi tambaya a wannan zaure cewa, ta yaya fetur ɗin da ake zuba wa janareta yake komawa wutar lantarki? Ƙanena, aikin fetur bai wuce juya inji ba. Wutar tana samuwa ne daga maganaɗisu da naɗin wayar tagulla, wanda masu gyara suke kira koyil.

Har farkon ƙarni na 19 yawancin masana suna ɗaukar lantarki da maganaɗisu a matsayin abubuwa biyu da babu ruwan wani da wani. A shekarar 1820 ne Hans Christian Oersted, malamin jami'a a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, ya lura cewa idan wutar batir tana bi ta cikin waya, allurar kamfas (na'urar da ke nuna arewa) da ke kusa da ita takan karkace daga arewa. Wato wuta mai gudana tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. Nan take tambaya ta taso: shin maganaɗisu ma zai iya haifar da wuta?

Sai da aka yi shekara 11 kafin a samu amsa, kuma a ganina dalilin jinkirin shi ne zuciyar maganar. Masu bincike sun yi ta ajiye maganaɗisu mai ƙarfi kusa da waya suna jiran wuta ta gudana, amma shiru. A watan Agustan 1831, Michael Faraday, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron shagon ɗinkin littattafai a Landan kuma bai yi zurfi a lissafi ba, ya naɗa wayoyi biyu daban-daban a jikin zoben ƙarfe, ya haɗa ɗaya da batir, ɗayar kuma da na'urar auna wuta. Allurar na'urar ta motsa a daidai lokacin da ya haɗa batirin, ta koma ta kwanta duk da cewa wuta tana ci gaba da gudana, sannan ta sake motsawa ta ɗaya ɓangaren da ya cire shi. Bayan 'yan makonni ya samu irin wannan sakamako ta hanyar cusa sandar maganaɗisu cikin naɗin waya da zaro ta. Ashe canjin ƙarfin maganaɗisu ne yake tura wuta, ba zamansa wuri ɗaya ba.

Saboda haka dole janareta ya yi ta juyi, kuma babu bambanci ko fetur ne yake juya shi, ko iskar gas, ko ruwan madatsar Kainji. Taransifomar unguwa ma zoben Faraday ne aka inganta, shi ya sa take aiki da wutar da ke kai da komo, sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Nijar, amma ba ta aiki da wutar batir mai tafiya hanya ɗaya. Faifan sola kam ba ya cikin wannan bayani, domin babu abin da ke juyi a cikinsa.

James Clerk Maxwell, ɗan Sikotland, shi ne ya zuba tunanin Faraday cikin lissafi a 1865. Lissafin ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu suna iya haifar da juna, su tafi cikin sarari tamkar igiyar ruwa da gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, wanda ya zo daidai da gudun haske, don haka ya yanke cewa haske kansa irin wannan igiya ce. Maxwell ya rasu a 1879, kafin Heinrich Hertz ya samar da waɗannan igiyoyi a ɗakin gwajinsa a Jamus tsakanin 1887 da 1888, kuma da su rediyo da wayar salula suke aiki a yau. Wassalam.